Ko Saniya Ana Kiran Sunanta

Kwana biyu bayan an ɗaure damin geron ƙarshe a gonarmu, shekarar da na shiga aji uku na lakol, Inna ta taɓa ni da ƙafa da sassafe ta ce, "Ke, tashi." Kayana suna ƙulle cikin tsohon zanenta: riga biyu, kayen rubutu ɗaya, da ƙoƙon da nake shan fura. Daga Gazawa za a kai ni riƙo wurin Gwaggo, yayar babana, can arewacin Cadakori inda mijinta ke da shanu. Gwaggo ba ta taɓa haihuwa ba, ni kuwa ɗiyar fari ce. Baba yana fatauci ƙetaren iyaka, saƙo kawai ya aiko. Ba wanda ya tambaye ni.

"Ke" shi ne sunana a bakin Inna. A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta san da zamanshi gaban mutane. Ƙannena Sani da Bilki tana kiransu har da kirari. Ni da ke surfe, ni da ke ɗebo ruwa da goyon Sani, in ina carafke a ƙofar gida sai dai ta aiko Bilki ta ce a kira waccan. Matan unguwa har yabonta suke, wai Tsahara akwai kunya. Yabon nan yana ƙona mani rai. Shi ya sa tun a tasha na ƙulla a zuciyata: kafin ta bar ni, sai na ji sunana, Habsu, daga bakinta.

Aka cusa mu kujerar baya ta motar Maradi, buhun wake ƙarƙashin ƙafafunmu, Sani bisa cinyarta, ni a matse jikin taga. Muka wuce Agye, muka nufi Cadawa. Gonaki duk an girbe, kara a kwance, rumbuna a cike, gawo nan da can. Na yi kamar barci ya kwashe ni don ta tashe ni, ta zungure ni da gwiwar hannu. Na fidda kai ta taga, ta jawo ni da ɗankwali. Kalma ko ɗaya ba ta ɓata a kaina ba.

Bayan Cadawa jandarma suka tsaida mu. Wani dogo ya leƙo, ya tambayi Inna ɗiyar wa ce wannan, kuma ina takardar haihuwarta. Takardar tana gida. Inna ta sunkuyar da kai ta ce ɗiyar mutanen gidansu ce. Ya ce sunanta fa? Shiru. Ya juyo gare ni, ni ma na rufe baki gam, ina kallonta. Aka sauke mu. Rana ta take, Sani yana kuka, direba yana ta surfa mata magana, wani mai albasa yana cewa a bar mu nan mota ta tafi. Na ga zufa tana sauka bayan kunnenta, kuma wallahi daɗi na ji. Wata tsohuwa ce ta leƙo ta ce, "Yallaɓai, ba ka gani ba? Ta fari ce." Ya yi dariya ya ce mu hau. Har Maradi ba ta dube ni ba.

Bayan Tibiri muka bar babbar hanya, daga Cadakori kuma muka hau wata tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya. Nan ƙasa ta buɗe. Ƙauyuka suka yi nisa da juna, itace ya ragu, sai fili da busasshiyar ciyawa iyakar ganinka, sai ƙarangiya da ke manne wa zane in an sauka tura mota cikin rairayi. Lokacin saukowar shanu ne zuwa cin kara. A wani burtali garke ya tare mu, jajaye masu dogon ƙaho, suna ta wucewa kamar ba za su ƙare ba. Wasu biyu suka ɓalle suka nufi wata gona. Makiyayin, dattijo da sanda a wuya, bai ko ɗaga ƙafa ba. Ya kira, "Woɗe. Ɓale." Suka tsaya cak, suka juyo wurinshi. Na ɗaga murya yadda duk motar za ta ji, na ce, "Ko saniya ana kiran sunanta." Wasu suka yi dariya. Inna ta kama cinyata ta murɗe, a hankali, ba ta saki ba sai da garken ya wuce. Ban yi kuka ba. Shatin ya yi mako.

Da la'asar muka isa. Gwaggo ta fito da guɗa tana Habsu, Habsu, kamar an ba ta kyautar tunkiya. Motar za ta juya nan take, saboda haka Inna ko zama ba ta yi ba. Ta sha ruwa a tsaye, ta miƙa ƙunshina, ta ce wa Gwaggo kada a ba waccan nono mai tsami, yana sa ta amai. Ta gyara goyo ta juya. Gwaggo da mijinta da matan maƙwabta duk suna tsaye. Na bi ta har bakin danga, na ce, "Sai wata rana, Tsahara."

Ɗiya ta kira uwarta da suna, gaban dangin miji. Inna ta tsaya, bayanta kawai nake gani. Na jira ta juyo ta mare ni, ta zage ni, ko cikin zagin sunan ya kuɓuce mata. Ta taka ta hau mota. Marin kuwa, Gwaggo ce ta yi mani shi.

Shekara huɗu na yi can, na koyi tatsa da kaɗa mai, kafin koleji ta maido ni gari. Yanzu tafiyar da ta cinye mana yini ba ta kai haka, filin ma gonaki sun ci rabinshi. Ina da ɗiyar fari, ina kiran sunanta a tsakiyar kasuwa, masu cewa ba ni da kunya su yi ta faɗi. Ni da Inna ba mu taɓa tada maganar ranar nan ba. Duk Juma'a tana kirana a waya, in na ɗauka ta ce, "Ke ce?"

Har yau sai na ɗan jira kafin in ce ni ce.