Metur Ɗan Teku da Kifinsa Mai Ilimi

Duk wanda ya yi lakol, wato makarantar boko, a Zongo ya san jarkar Kawu Isiyaku, malamin nan da kuke kira Metur Ɗan Teku. Kowace Litinin sai ya ɗauro ta a bayan tsohon babur ɗinsa, cike da ruwan teku, ya bi mu da cokali layi-layi.

"Ku lasa! An haife ku a bakin teku, amma gishiri sai a miya kuka san shi!"

Ni ɗan ƙanwarsa ne, don haka cokali biyu nake sha.

Ga maƙo! Kifi ɗaya zai saya, ya farke shi a gabanmu, ya nuna mana inda yake numfashi da 'yar jakar iskar da ke hana shi nutsewa. Ya naɗe, ya kai aji na gaba, ya sake naɗewa. Sai da la'asar kifin zai isa hannun matarsa.

"Malam, wannan ai ya gaji," in ji Inna Habi, tana toshe hanci.

"Dafa shi da ladabi. Aji uku ya yi yau, ya fi ƙanenki karatu."

Kun tuna ranar da sufeto ya zo? Kawu ya rufe tagogi, ya sa mu duka ƙarƙashin tebur, wai mu ji duhun da masu nutso ke tararwa a ƙasan teku. Sufeto ya turo ƙofa ya tarar da malami a tsugune.

"Metur, mene ne haka?"

"Muna can ƙasa, ranka ya daɗe. Kai da ka shigo ba tulun iska, ai ka riga ka mutu."

Mu muka yi dariya. Sufeto bai yi ba.

Abin da ya gama da shi kuwa, kai mu bakin teku a Sèmè-Kpodji da ya yi, muka kafa turke a yashi don mu ga yadda ruwa ke cin ƙasa. Iyaye suka taso. Alhaji Bawa, dillalin shanu, shi ne a gaba.

"Na kawo yaro ya iya lissafi, ka mayar min da shi masunci?"

"Alhaji, filin da ka saya a bakin ruwan nan, ka sayar. Tekun na tafe."

"Da ƙafa ko a zemijan, babur ɗin haya?"

Aka kwashe da dariya. Aka cire Kawu daga aji, aka ba shi kaɗa ƙararrawa har ya yi ritaya. Da ruwa ya cinye katangar Alhaji, kun san me aka ce a unguwar nan? Wai bakin Metur ne ya ja! Mata suka riƙa janye 'ya'yansu in ya wuce.

Bara wasu baƙi suka zo lakol da majigi, suka faɗi abin da Kawu ya faɗa kan teku, aka tafa musu. Ranar jana'izar Kawu kuma na ji Alhaji da kunnena yana cewa, "Kai, an yi rashin masani!" Wallahi na haɗiye magana don darajar gawa.

Allah, Ka ga bawanKa Isiyaku. Abin da ya sani bai ɓoye wa yara ba. Ka yalwata masa kabari, Ka haskaka shi, Ka ba Inna Habi haƙuri. Amin.