Tsamiyar Ƙofar Gidanmu

Shekarun baya, muna zaune a unguwar Shumaisi ta Riyad ina aikin tuƙi, 'yata ta dawo daga makaranta da aikin gida: a nemo asalin sunan wata itaciya a Turance. A Riyad aka haife ta, Larabci ya fi Hausa zama a bakinta, kuma kullum ina tsoron ta tashi ba ta san gida ba. Da ta ce tsamiya ta zaɓa, har gyara zama na yi.

"Abba, tamarind suke ce mata. Malama ta ce wajen Larabawa suka aro, tamar hindi, ya'ani dabinon Indiya. Ashe ba tamu ba ce."

Kaina ya ɗaure. Ni da na tashi ina jifar tsamiya a ƙofar gidanmu, ana korar mu daga gindinta da tsakar rana wai aljanu na hutawa, yau a ce dabino ce, kuma ta Indiya?

Na kwashi jiki sai kasuwar Batha. Ba'indiye mai shago ya ce tasu ce. Basudane ya ce aradeb sunanta, a ƙasarsu take. Abokina ɗalibi ya ce itaciyar ta Afirka ce, amma a hannun fataken Indiya Larabawa suka san ta, Turawa kuma suka ɗauki sunan daga Larabawa. Na koma gida na fi ɗazu rikicewa.

Sai na ce bari in kashe maganar. Na kira ƙanena ta bidiyo, na ce ya fita ya nuna wa yarinyar nan tsamiyarmu.

"Yaya, ai tun bara waccan aka sare ta. Shago aka yi a wurin."

Ba wanda ya gaya mini. Kunya ta kama ni, ga baƙin ciki. Yarinya dai ta dube ni.

Da azumi ya zo, maiɗakina ta tarar da wani gwangwani cike da ƙwallayen tsamiyar da muke kunu da ita. 'Yata ce take tarawa.

"In mun je gida zan shuka mana wata," in ji ta, da Hausarta mai gargada.

Na duba ledar tsamiyar da muke saye a Batha. Daga Indiya take zuwa.

Da muka je gida ta kuwa shuka a bayan shagon, yau tsamiyar ta fi ta tsawo. Har gobe in aka tambaye ni ko 'yar ina ce tsamiyar nan, ba ni da amsa. Wadda ta shuka ta dai na sani, kuma duk ta kira gida sai ta ce a nuna mata tsamiyarmu.