Ranar da Iya ta shanye mini tawada

Ko na tsufa haƙorana sun zube, ba zan manta da ranar da kakata ta shanye mini aikin makaranta ba.

Lokacin ina aji biyu na ƙaramar sakandare a Gwandu. Ni yarinya ce da ko sunana aka kira sai na kalli ƙasa kafin in amsa, shi ya sa nake son darasin zane, don ba ya bukatar magana. A zangon nan malaminmu ya koya mana bin gefen abu da fensir, ido na kan abin, hannu na tafiya ba ɗagawa. Bayan nan sai a sirka tawada da ruwa kashi uku, mai duhu, matsakaiciya da mai haske, a shafa inuwa da burushi. Makaranta ba ta da tawadar kanti, sai ya ba kowa 'yar kwalbar tawadar allo, irin ta gawayi da ƙaro. Ya ce zanen da suka fi kyau za a kai su baje kolin makarantu a Kalgo tare da masu su. Ban gaya wa kowa ba, amma har kayan da zan sa na ware.

Ranar Asabar da hantsi kakata, wadda muke kira Iya, tana gyangyaɗi a tabarma ƙarƙashin dogonyaro. Na ce ga wadda za ta tsaya mini cik. Na bi goshinta da fensir, da ɗankwalin da ya zame mata, da tsagar gefen hancinta. Da na gama na sirka tawada a kofuna uku, na shiga ɗaki neman burushi.

Ina fitowa na tarar ta farka, har ta yi bismilla ta ɗaga kofin farko. Ashe kwana biyu tana jiran rubutun sha da Kawu ya ce zai karɓo mata wurin wani malami a Kambaza, saboda ciwon gwiwa. Ta buɗe ido ta ga baƙin ruwa a gefenta, me kuke so ta ɗauka?

Na tsaya riƙe da burushi. "Iya, dakata" kawai zan ce, amma maganar ta maƙale. Ta sha mai hasken, ta bi da matsakaiciyar, ta rufe da mai duhun, ta shafa ragowar a gwiwa.

"Wanga malami ya san aiki," in ji ta, leɓɓanta baƙi ƙirin. "Ji ɗaci! Ke ɗiyar ga, miƙo min sauran na kwalba kada yara su zubar."

Na miƙa mata. Da hannuna, wallahi.

Washegari sai ga Iya tana zagaya tsakar gida ba sanda, tana gaya wa maƙwabta ta samu sauƙi. Ni kuwa ina kallon zanena, layi zalla babu inuwa, ga shi gobe Litinin za a miƙa aikin.

Da la'asar Kawu ya shigo da gora a hannu. "Iya, ga rubutun. A yi haƙuri na makara."

"Wane rubutu kuma? Wanda na shanye jiya hwa?"

Mama ta kalli yatsuna da suka yi baƙi, ta kalle ni.

"Na zane ne," na ce, murya kamar ta sauro.

Kawu ya yi dariya har sai da ya zauna a kan turmi. Iya ta zare mini ido. "Ja'ira! Kina tsaye kina kallona ina ɗirkar gawayi? Bakin naki na aro ne?" Sai ta dafa gwiwa. "Wayyo, ku ba ni sandata."

Duk da haka ita ta aika aka roƙo mini tawada wurin liman maƙwabcinmu. Na hau shafawa da gaggawa kafin magariba, ban jira inuwar farko ta bushe ba. Mai duhu ta malala cikin mai haske, fuskar Iya ta koma kamar gindin tukunya.

Ranar Litinin malam ya daɗe yana duba takardata. "Layin nan ya fi na kowa," in ji shi. "Amma wa ya yi wa inuwar wannan ɓarna?" Motar Kalgo ta tafi ba ni.

Tun daga ranar na gane kunya tana da wurinta, amma idan ka ga ana shanye maka abu a gaban idonka, ka buɗe baki tun a kofin farko.