Ranar da Na Gauraya Musu Karta

Shekara tara ke nan ina aiki a zauren taro na wannan rukunin gidaje da ke arewacin Riyad, amma har gobe ban manta da Asabar ɗin da na kusa korar kaina da hannuna ba. Ku sababbin zuwa kuna yawan tambaya me ya sa ba na miƙa wa mutum tsumma a ranarsa ta farko sai na zaunar da shi na nuna masa karta. Har na ji wani yana raɗa cewa Malam Habibu tsohon ɗan caca ne da ya tuba. To ga dalilin, ku ji shi daga bakin mai shi.

A lokacin watana biyu da 'yan kwanaki da zuwa daga Funtuwa. Kamfanin da ya kawo mu, wanda sunansa ke kan iƙamata, wato katina na izinin zama a ƙasar, yana ba sabon ma'aikaci wata uku na gwaji. In mushrif, wato mai kula da ma'aikata a wurin, ya rubuta maka rahoto mai kyau, sai a tabbatar da kai. In ya rubuta akasin haka, sai ka koma ofishin kamfani a Birnin Masana'antu na Biyu, can za a yanke maka ko ɗaukar kaya a sito ko jirgin gida. Na baro mata da yara uku, na yi sallama da unguwa kakaf, har da waɗanda ba ma ga-maciji da su. Komawa bayan wata biyu abin kunya ne da ban san inda zan sa fuskata ba.

Aikina a bakin wurin ninƙaya yake. Ranar nan mai kula da zaure ya tafi hutu ƙasarsu, sai mushrif ɗinmu, Akram, mutumin Pakistan, ya turo ni in riƙe wurin. Umarninsa bai wuce jimla biyu ba. Ya ce in kula da shayi da gahawa, kuma da zarar sun fita hutun La'asar in gyara ko'ina, tebur ya koma kamar ba a taɓa zama a kansa ba. Na ce an gama.

Bari in yi wa wanda bai sani ba bayani, tunda rashin bayanin ne ya kusa cinye ni. Duk Asabar ƙungiyar masu wasan birij takan haɗu a zauren: likitoci, injiniyoyi, malaman makaranta da matan aure, daga ƙasa kusan goma. Mutum huɗu ke zama a tebur, biyu-biyu, kowa yana fuskantar abokinsa. Ba a sa ko sisi. Sau ɗaya tak ake gauraya karta a farkon zama, a raba ta sha uku-sha uku, a zuba a wani allon roba mai aljihu huɗu. In tebur ya gama wasa, kowa sai ya mayar da sha ukunsa aljihun da ya ciro su, a rubuta sakamako a wata 'yar takarda, a naɗe ta a soka a jikin allon, a miƙa wa tebur na gaba. Ta haka kowane tebur zai buga rabo iri ɗaya, a ga wa ya fi iya sarrafa abin da aka ba kowa. Ba mai cewa sa'a ce ta ba wane. Duk wannan yanzu na san shi kamar sunana. A ranar kuwa abin da na sani kawai shi ne karta karta ce, kuma a tashar motar Funtuwa ba wanda ya kai ni iya gaurayawa.

Ranar kuma ba Asabar ce irin ta kullum ba, ranar kofin shekara ce. Alƙaliyar wasan Dakta Rabi ce, likitar yara, mutuniyar Zariya, ita kaɗai ce Bahaushiya a ƙungiyar. Tun da safe ta amsa gaisuwata da fara'a, ta tambaye ni mutanen gida, ta wuce tana ƙirga kujeru. Sai kuma wani dattijo Bamisire, injiniyan ruwa, kowa na ce masa Ammu Fu'ad, wato Baffa Fu'ad. Shekara ashirin da biyu yana zuwa zauren, shi da matarsa suke wasa tare, kuma bai taɓa ɗaukar kofin nan ba. Sau huɗu yana zuwa na biyu. Ya riga ya yi ritaya, an buga masa bizar fita ta ƙarshe, saura kwana goma ya koma Iskandariya. Ina zagayawa da tiren shayi ina jin mutane na ƙus-ƙus cewa bana dai tsohon ya yi gaba, ba mai kamo shi. Shi kuwa sai murmushi yake ta ɓoyewa a bayan kartarsa.

Aka kira La'asar, Dakta Rabi ta ba da hutun minti arba'in. Na bi jam'in farko na dawo da sauri, su kuma suka zarce lambu inda aka jera musu dabino da kek. Na tsaya na dubi zauren. Tebur shida, alluna sha takwas a warwatse, mai lamba uku yana kusa da mai lamba sha ɗaya, kowanne da 'yar takarda a cukuikuye a jikinsa, duk an yi mata jagwalgwalo da biro. A raina na ce manyan mutane da ilimi, amma ba tsari.

Na fara da takardun. Na zare su ɗaya bayan ɗaya na watsa a bokitin shara, na bi su da ragowar shayi da gahawa. Da na tsaya nan ma ai ɓarnar ta isa. Amma shaiɗanin neman suna ya raɗa mini cewa wanda ya dawo daga hutu zai so ya tarar da sabon rabo. Na zauna na zazzage allo na farko, na gauraya shi irin gaurayawar da ake tafa mini a gida, na ƙirga sha uku-sha uku na mayar. Haka na bi sha takwas ɗin nan kaf. Na jera su bisa lamba a teburin gaba, na goge ko'ina, na koma gefe na harɗe hannu ina jiran yabo.

Dakta Rabi ce ta fara shigowa. Ta ja ta tsaya.

"Wa ya taɓa allunan nan?"

Na matso ina washe baki. "Ni ne, ranki ya daɗe. Har na gauraya muku su tsaf, ba sai kun wahala ba."

"Ka yi me?"

"Na gauraya."

"Takardun da ke jiki fa?"

Na nuna mata bokiti. Ta leƙa, ta ga tawada ta narke cikin shayi, ta dafe kai ta ce, "Innalillahi. Malam Habibu, wa ya aike ka?"

Sauran suka shigo, ta faɗa musu da Turanci. Wasan awa biyu ya tafi, ba rabon da aka buga, ba sakamakon da aka rubuta, ba kuma hanyar dawo da ko ɗaya. Wata mata ta fara faɗa da yarenta. Wani ya buga tafin hannu a tebur. Ni dai idona na kan Ammu Fu'ad, wanda ya ja kujera ya zauna a hankali ya cire tabarau yana murza ido. Garin gyaran gira na tsone wa tsoho ido.

Aka kira Akram. Ban ga laifinsa ba, shi ma tsoron mudir, wato manajan wurin, yake ji. Ya ba su haƙuri ya fi sau goma, sannan ya juyo ya miƙo mini hannu ya ce in ba shi katin shiga. Gobe da safe, in ji shi, in je ofishi a Masana'antu. Na ciro katin daga wuyana na ba shi. Abin da ya zo mini a rai shi ne fuskar matata ranar da za ta ji na dawo.

Sai dattijon ya ɗaga hannu. Larabcina a lokacin bai wuce na sayen burodi a kasuwar Batha ba, don haka Dakta Rabi ce ta riƙa juya mini maganar, da muryar da ta riga ta sauko. Ya tambayi Akram me ya ce in yi. Akram ya ce ya ce in gyara ko'ina.

"To ya gyara," in ji dattijon. Ya juya wurin Dakta. "Ke kin gaya masa kada ya taɓa allo?"

Ta ce ba ta gaya mini ba, alhali ita ce ma mai jin yarena.

"Ni ma sau uku na karɓi shayi a hannunsa yau, ban gaya masa ba. A wasan nan, in ka ɓoye wa abokinka abin da ke hannunka ya je ya yi kuskure, wa ake tuhuma? Mu ashirin da biyar muka san dokar, shi kaɗai ne bai sani ba, kuma shi muka bari da allunan. Mayar masa da katinsa."

Akram ya ce ƙa'ida ce, duk abin da ya faru a zaure sai an rubuta wa mudir. Ammu Fu'ad ya ce madalla, a kawo takarda. Shi ya yi shifta, Dakta ta rubuta: ƙungiya ba ta sanar da sabon ma'aikaci tsarin wasanta ba, ma'aikacin ya bi umarnin da aka ba shi, ƙungiya ba ta da ƙorafi a kansa. Ya fara sa hannu, matarsa ta sa, takardar ta zagaya tebur shida. Matar da ta yi faɗa ta ɗan jima tana kallonta, amma ta sa. Akram ya rataya mini katina da kansa.

Daga nan tsohon ya jawo allo ɗaya, ya zare karta ya ƙirga, ya baza ta ya duba. Ya ce wannan hannu ya san aikinsa, ga sabon rabo an yi musu kyauta, me ake jira? Aka yi dariya, ta farko tun dawowa daga hutu. Dakta Rabi ta yanke cewa za a sake daga farko, a gajarce. Shi kuma ya sa aka ajiye mini kujera a bayansa. "Zauna nan, ɗana, ka ga abin da ka gauraya."

Na zauna. Ban fahimci rabin abin da ake yi ba, amma na ga yadda kowa ke ajiye kartarsa a gabansa, na ga allo na tashi daga tebur zuwa tebur, na gane girman abin da na rusa. Ban taɓa yi wa mai karta addu'a ba sai ranar. Duk allon da aka ɗauko sai na ce Allah Ka ba tsohon nan. Ban sani ba ko gajiya ce ko ɓacin ran da ya haɗiye, wasan bai zo masa yadda na farko ya zo ba. Dab da Magariba aka karanta sakamako. Wasu 'yan Indiya biyu suka ɗauki kofi. Ammu Fu'ad da matarsa suka zo na biyar.

Na same shi a bakin ƙofa na durƙusa, Hausa ce ma ta riƙa fito mini. Ya kama kafaɗata ya ɗaga ni. Ya ce ma'alesh, wato ba komai, kofi ƙarfe ne, kuma an riga an auna akwatunansa, ba wurin ƙarin kilo. Ya faɗa yana dariya. Amma ni na gan shi ɗazu, lokacin da kofin ke zagayawa ana ɗaukar hoto. Da ya iso hannunsa ya riƙe shi ya fi kowa daɗewa, yana bin sunayen da ke jiki da ɗan yatsa, har matarsa ta taɓa shi ya miƙa gaba. Abin ya yi masa ciwo, ya dai zaɓi kada ni in ɗauki ciwon.

Bayan sati uku aka tabbatar da ni. Da mai zauren ya dawo, ƙungiya ta roƙi a bar ni tare da shi ranar Asabar, da ya bar aiki kuma na gaje shi. Dakta Rabi ta ɗauki Asabar huɗu tana zuwa da wuri tana koya mini tsarin, tana yi tana tsokanata da Sarkin Gauraya, sunan da ya bi ni har yau. Yanzu ni ke raba allunan kafin kowa ya iso. Ammu Fu'ad kuwa ban sake ganinsa ba. Gaisuwa takan zo ta hannun Dakta, har shekarar da ta kira ni gefe ta ce Allah Ya yi masa rasuwa. Na yi kuka a ɗakin shayi, ban ji kunyar kowa ba.

Abin da na koya a aikin nan shi ne, mai ƙwazon da ba a yi wa bayani ba ya fi malalaci ɓarna, kuma laifin na wanda ya sani ya yi shiru ne. Shi ya sa ba na ce muku kada ku taɓa kaza in wuce. Sai na zaunar da ku na faɗa muku dalili, ko da mushrif na ƙwala mini kira. Na kuma koyi cewa mutanen da muke zuba wa shayi ba duka ne ke kallonmu kamar tiren da ke hannunmu ba.

Duk shekara ranar gasar, ni nake sauko da kofin nan in goge shi, ba na bari kowa ya taya ni. Ina gogewa ina karanta sunayen da aka zana a jikinsa, tun daga na farko har na bara. Babu sunan Fu'ad a ciki, kuma na san wanda ya hana. Shi ma ya sani sarai, amma bai tashi daga kujerar nan ba sai da ya ga an mayar mini da katina. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya tarar da abin da ya fi kofi.