Takalman da Mode Ya Sa wa Dogo

Na san Mode mai fenti tun ina shugabantar wata makarantar firamare a Ƙofar Rini. Duk ƙarshen hutu shi ne yake zuwa ya baƙanta mana allunan aji. Gajere ne, marar yawan magana, kuma da rubutun shaguna da zanen bayan manyan motoci yake ciyar da iyalinsa. Amma abin da unguwa ta san shi da shi hoto ne guda, wanda ba wanda ya sa shi: hoton Dogo.

Dogo ba mutum ne na gaske ba. Wani tela ne mai suna Maccido ya ƙago shi, yana fitowa a matsayinsa a wasan kwaikwayon da samari suke yi duk Asabar da la'asar a filin makarantarmu. Baƙauye ne da ya shigo birni, takalmansa rataye a wuya da igiya, yana taka ƙasa ƙafa tsirara. In an tambaye shi dalili, sai ya ce, "Ƙahwa kyauta nis same ta, takalma ko saye niy yi." Sau ɗari mun ji wannan, sau ɗari mun yi dariya.

Mode bai taɓa fashin wasan ba. Da ragowar fentin aiki ya zana Dogo a bangon wani shagon hatsi da ke fuskantar titi. Yana da ƙa'idar da ba ya saɓawa: daga ƙafa yake farawa, ya yi sama. Ya zana kaushin dunduniya, ya zana babban yatsan ƙafar hagu a karkace kamar yadda na Maccido yake, sannan igiya, sannan hular da ta zamo zuwa kunnen dama. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba ya farawa da kai kamar sauran masu zane.

"Malama," in ji shi, "in ƙahwa ta yi daidai, huska biyowa takai."

An ce ya yi wata guda ba ya gaisawa da wani abokin sana'arsa, don abokin ya zana Dogo a bayan mota sanye da tabarau.

Maccido ya rasu a 1973 bayan gajeruwar jinya, bai bar hoto ko ɗaya ba. Wasan ya mutu tare da shi. Bangon nan kaɗai ya rage. Mahaifiyarsa, Inna Kulu, mai sayar da daddawa, takan tsaya a gabansa kowace safiya a hanyarta ta kasuwa, ta sauke ƙwarya, ta ce, "Dogo, an tashi lahiya?" Sannan ta wuce.

Shekara biyu bayan haka kuɗi suka shigo gari, shekarar da ma'aikata suka karɓi ƙarin albashi a dunƙule. Wani ɗan kwangila, Alhaji Sule, ya sayi shagon ya cika shi da takalman ƙasashen waje. Ba mugun mutum ba ne. Shi ma ya sha dariyar Dogo. Ya kira Mode ya nuna masa bangon.

"Kai ma ka duba, Mode. Shagon takalma, mutum na tsaye bakinai ba takalmi? Ai sai a ce kayana na cizo. Ka sa mai su, ka sa shi murmushi."

"Alhaji, Dogo bai taɓa sa su ba."

"To, yau ya yi arziki! In ba ka iyawa, gobe in sa a shahe bangon da farar ƙasa."

Mode ya zo ofishina da yamma, ya tsuguna a bakin ƙofa ya gaya mini. Ni ce na ba shi shawara, kuma ban ɓoye wannan ga kowa ba. Na ce ya yarda. Na ce tsohuwa fuskar ɗanta take zuwa gani, kuma hoto mai takalmi ya fi farin bango. A lokacin na ɗauka hankali na yi.

Kwana biyu ya yi yana aikin. Ya rufe ƙafafun da baƙaƙen takalma masu sheƙi. Ya shafe igiyar wuya, ya buɗe bakin, ya ɗaga kumatun. Mutane suka yaba. Alhaji Sule ya ji daɗi.

Washegari da safe ina wucewa na tarar da Inna Kulu a gaban bangon, Mode yana gefe yana wanke buroshi. Ba ta ko ɗaga kai ta dubi fuskar ba. Ƙasa take kallo.

"Mode, wa yas sa ma ɗana takalma?"

"Ni na, Inna."

"Ai matse shi sukai. Tun yana yaye jaki yat taka mai yatsan ga. Takalmi bai taɓa zama mai ba, shi yas sa yaka rataya su. Ku kuna dariya, ni na san ciwo na."

Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki ƙwaryarta, ba ta gai da bangon ba, kuma daga ranar ta sake hanyar kasuwa. Damina biyu bayan haka ta rasu. Mode ya roƙi Alhaji Sule ya bar shi ya mayar da hoton yadda yake, aka ce ya bari sai bayan Sallah, sannan sai bayan wata Sallar. Yaran da suka taso suna kiran hoton Mai Takalmi, ba su san wani Dogo ba. A 1984, lokacin da sojoji suka matsa a kan tsabtace gari, aka shafe bangunan layin duka da fari.

Mode ya yi ta ƙoƙarin sake zana shi a kan kwali. Ƙafafun suna fitowa daidai, har kaushin, har yatsan. Igiyar ma tana fitowa. Amma duk lokacin da ya kai fuska, mai murmushin nan ce take zuwa hannunsa, ta ainihin ta ɓace masa. Sai ya yage ya sake.

Wata biyu kafin rasuwarsa, a 1986, ya kawo mini kwali guda a naɗe cikin tsohuwar jarida.

"Malama, ki aje. Iyakar abin da nit tabbata ke nan."

Yana cikin akwatina har yau, tare da takardun ritayata. Ƙafafu biyu ne tsirara, da riga, da takalma rataye a igiya. Daga wuya zuwa sama babu komai.