Allurar da Ko Ƙasar Nan Ba Ta Iso Ba

A garinmu kowa ya tashi ya tarar ana cewa mai ciwon shawara ba a yi masa allura. Wai idan idon mutum ya yi ruwan ɗorawa, allura ta taɓa shi, to a nemi likkafani. Har yau idan aka ɗauko zancen a majalisa tashi nake, don kar bakina ya kufce.

Ƙanena ne ya kamu, wanda yake bi na. Muna tsakiyar noman gyaɗa idonsa ya rine, fitsarinsa ya koma kamar ruwan shayi. Na kai shi asibiti a birni, aka auna jini, aka ce ciwon hanta ne, irin wanda ƙwayar cuta ke kawowa. Likita ya ɗora shi a kan magani, ƙwaya ɗaya kullum. Ya ce ba ta kashe cutar, danne ta take yi, kuma kada ya kuskura ya daina ko da ya ji garau. Ni mai yawan damuwa ne. Kowace safiya sai na leƙa sashensa na tsaya har ya haɗiye.

"Yaya, ko na buɗe bakin ka leƙa?" in ji shi.

Wani lokacin kuwa na leƙa ɗin.

Ya warware, ya koma gona. Sai wata komawa asibiti Baffa, ƙanin mahaifinmu, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar Baba, ya ce zai bi mu a duba masa hawan jini. Da aka kira mu ya biyo mu har ɗakin likita. A nan ƙanena ya yi tambayar da kowane majinyaci zai yi.

"Likita, haka zan yi ta sha har na mutu? Babu wanda ake yi sau ɗaya a huta?"

Likitan ya ce ana kan bincike. A cikin hanta akwai wasu 'yan mitsi-mitsin saƙonni da jiki yake aika wa kansa, ƙwayar cutar kuma tana raɓa da su ta hayayyafa. Masana suna gwada wata allura da za ta toshe saƙon, cutar ta rasa majingina. "Amma gwaji ne, a ƙasashen waje," in ji shi. "Ba a tabbatar ba, mu nan ko ganinta ba mu taɓa yi ba. Ka riƙe ƙwayarka."

Firamare kaɗai na yi, don haka na roƙe shi ya maimaita, ya maimaita. Baffa kuwa kalma ɗaya ya ɗauko daga ɗakin. Muna dawowa gida, muka shiga zaure, sai ya fara.

"Kun ji da kunnenku. Allura suke shirya masa. Ƙwayar nan lallaɓa shi ake yi."

"Baffa, cewa ya yi ko a ƙasar nan babu ita."

"Yau babu. Gobe fa?"

"To jinin da suke ɗiba, ai da allura ne, kuma bai mutu ba."

"Wancan fitarwa ake, wannan zubawa za a yi. Kai sarkin tsoro, yaushe ka zama likita?"

Ya hana komawa. Ya sa aka jiƙa saiwoyi a tukunya. Inna, mahaifiyarmu, ta bi bayansa don tsoro ya kama ta, shi kuma ƙanena dama ya gaji da haɗiyar ƙwaya. Na je asibitin ni kaɗai, aka ce sai na kawo shi an gan shi. Na dawo na roƙi Baffa, na tura masa liman, ya ce shi ba zai miƙa ɗan ɗan'uwansa a kashe ba. Ina ji ina gani magani ya ƙare. A gona sai na riƙa satar kallon idon ƙanena, har ya fara juya mini baya.

Lokacin yankan gero idon ya sake rinewa, ya fi na farko. Ƙafafu suka kumbura, ciki ya tashi. Masu dubiya suka cika gida, kowa da saiwar da ya sani, ba wanda ya ce a koma asibiti. Wata safiya na tayar da babur, na tallabo shi na ɗora. Baffa yana zaune a tabarma a ƙofar gida.

"Ina za ka kai shi?"

"Inda za a yi masa allura, Baffa. In sun so su yi masa goma."

Ban taɓa yi wa babba magana haka ba. Na ja babur, ban tsaya ba.

Aka kwantar da shi, aka sa masa ruwa, aka yi masa allurai, irin na kullum da ake yi wa kowa. Bai mutu ba. Sai dai likita ya ce da aka daina maganin cutar ta farfaɗo da ƙarfi, hantar ta yi tabon da ba zai goge ba. Abin da ya saura shi za a lallaɓa.

Yanzu ba ya iya riƙe fartanya zuwa hantsi. Ni da 'ya'yana muke nome masa gona, shi yana zaune a gindin mangwaro yana korar awaki. Baffa kuwa yana gaya wa duk wanda ya zo cewa saiwoyinsa ne suka karya dafin allurar, da ba don su ba da tuni an yi sadakar arba'in. Kowace safiya nakan durƙusa na gaishe shi, ya amsa, na miƙe na wuce ban ƙara kalma ba.