Tulu Biyu a Motar Tanut

Belbeji

Zakara bai yi cara ta biyu ba muka bar Belbeji, ni da Bako ƙanen maigidana, da jakuna biyu. Ku da kuke damuna da tambayar yadda mota take, to ku kasa kunne. Ɗiyata Zuwaira ce ta haihu a Tanut, ɗan fari, suna ranar Alhamis. Na ɗauki tulu biyu na man shanu, tarin damina guda, don kada dangin miji su ce uwar mai jego ta zo hannu rabbana. Ni na ɗaure su da kaina, ɗaya dama, ɗaya hagu. Ubana madugu ne. Tun ban kai gwiwar raƙumi ba nake riƙe masa igiya.

Mun yada zango a wata ruga, Fulani suka ba mu kindirmo.

Gangara

Talata da la'asar muka shiga Gangara, jakuna sun yi laushi. Hajo ƴar ƙanwar uwata ta sauke mu da tuwon gero. Bako ya ce da ƙafar jaki sai Alhamis da yamma, an watse. Hajo ta ce ai akwai motar wani falke a kasuwa, kamiyo suke ce mata, gobe za ta kai gero Tanut.

Da hantsi na je na zagaya ta sau biyu. Ba wuya, ba tozo, to ina ake rataya kaya? Direban, Abdu, mutumin Damagaram ne, tsohon soja. Na tsaya ina kallon aikinsa. Buhuna masu nauyi ƙasa, a manne da allon gaba. Inda ya ga rata sai ya cusa tabarma. Igiya kuma daga gaba zuwa baya, sannan ya gitta.

Ni dai na sa tuluna a raga, zan rataya su waje, gefe da gefe.

"Iya, wannan fa ba raƙumi ba ne."

"Kai ɗan nan, ranar da na fara ɗaure kaya uwarka ba ta yi wayo ba."

Ya yi dariya. "Raƙumi rangaji yake, dama da hagu. Ita wannan cak take tsayawa, kaya su ci gaba da tafiya. Ba ni su in binne cikin gero."

Na ce ya ɗauki ɗaya, ni in ɗaure ɗaya, mu ga na wa zai isa. Ya sa nasa tsakanin buhu huɗu, ya kewaye shi da ƙaiƙayi. Nawa na rataya a gefe da ƙullin ubana.

Hanya

Na bar Bako ya biyo da jakuna, na hau bisa buhuna ina salati. Itatuwa gudu suke zuwa baya, wallahi na gani da idona. Kafin rana ta take mun ci tafiyar wunin jaki.

A gangaren wani ƙori, busasshen rafi, raƙumin wani Buzu ya gitta. Abdu ya taka, mota ta tsaya cak. Tuluna ya yi lilo gaba, ya dawo ya bugi ƙarfe. Fas! Mai ya bi ƙafar mota, yashi ya shanye. Ƙullin kuwa yana nan daram, riƙe da wuyan tulu kaɗai.

Abdu ya sauko, bai yi mini dariya ba, Allah ya yi masa albarka. Amma ni da ke sama na ji buhuna sun motsa ƙarƙashina. Na taɓa igiya, ta saki. Sabuwar kaba ce, kowa ya san tana miƙewa.

"Ɗan nan, in ka ƙara taku ɗaya haka, naka ma ya bi nawa."

Ya ja iya ƙarfinsa, ta ƙi tsukewa. Na ce ya karyo mini reshen aduwa. Na zura shi tsakanin igiya biyu, na murɗa, na murɗa, sai da ta yi kuka kamar tsirkiyar goge, na maƙale bakin sandan.

"Iya, wa ya koya miki wannan?"

"Wanda bai taɓa ganin mota ba."

Duk wani ƙori sai ya tsaya, in leƙa tulun, shi ya taɓa igiya.

Tanut

Bayan azahar muka iso. Gardi, ɗan sandan bakin gari, ya duba takardar Abdu, ya shinshina, ya ce, "Yau kuma da man shanu kuke tuƙi?"

Aka zaro tulu lafiya lau, ko tsaga babu. Ranar suna uwar mijin Zuwaira ta ɗaga marfi, ta dube ni.

"Ɗaya ne?"

Na ce, "Ɗayan mota ta sha, ita ma ta yi wahala."

Mata suka kwashe da dariya, uwar mijin ta zuba ludayi uku a miya, har maƙwabta suka leƙo.

Gida

Bako ya iso da jakuna ranar Alhamis da yamma. Kwana huɗu muka yi a hanya, muka shiga Belbeji ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya maido ni, na gode wa Hajo, na gode wa Abdu da bai yi mini dariya a bakin ƙori ba. Wadda duk za ta hau mota a cikinku, ta bar direba ya jera kaya, amma ta taɓa igiyar da hannunta.